Daga ƙadangaren sanda zuwa zanen matakai: yadda ake tsara origami da kwamfuta

Duk wanda ya daɗe yana ninka takarda ya fitar da siffofi, wato origami, wata rana zai ƙoshi da bin zanen wasu, ya so ya fitar da nasa. Daga nan aikin ya rabu uku. Akwai tsarawa, wato rarraba takarda ɗaya mai murabba'i ta yadda kowace gaɓa za ta samu rabonta ba tare da almakashi ba. Akwai tantancewa, a ga ko layukan da aka zana za su yarda su kwanta. Sai kuma zana matakai, domin wanda bai taɓa ganin abin ba ya iya ninka shi shi kaɗai. Babu manhaja ɗaya da ta ƙware a duka ukun, saboda haka za mu riƙa ɗaukar aikin daga wannan mu kai wa waccan. Zan bi da kai ta misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe: ƙadangare mai kai, ƙafafu huɗu da doguwar wutsiya.

Kafin ka kunna kwamfuta, ajiye takarda a kusa da hannunka. Manhaja ta san lissafi, amma ba ta san kaurin takarda ba, ba ta kuma san inda yatsa ba ya shiga ba. Za mu yi ta komawa kan takardar nan.

Kalmomin aiki

Ninki iri biyu ne. Ninkin kwari shi ne wanda takarda ke rufowa ta wajenka, karin ya nutse. Ninkin tudu kuwa takardar baya take komawa, karin ya taso. Idan ka warware abin da ka ninka ka shimfiɗa shi, layukan da suka rage su ne taswirar kari. A kusan duk manhajojin nan ja shi ne tudu, shuɗi kwari, baƙi kuma bakin takarda. Inda layuka suka haɗu zan kira shi mahaɗa, kowane tsinin takarda da zai zama ƙafa ko kai ko wutsiya kuma zan kira shi harshe.

Mataki na farko: ƙadangaren sanda

Zana dabbar da layuka kawai, ka ba kowane layi tsawo. A namu misalin: kai 2, kowace ƙafa 3, gangar jiki tsakanin kafaɗa da ƙugu 2, wutsiya 6. Masu wannan fanni suna kiran zanen nan bishiya, saboda rassa ne da suka fito daga jiki ɗaya.

A farkon shekarun 1990 Robert Lang a Amurka da Toshiyuki Meguro a Japan, kowa a nasa ɓangaren, suka fayyace abin da ya sauya tsara origami gaba ɗaya. Kowane harshe yana cin da'ira guda ta takarda, wadda tsawon harshen ne nisan tsakiyarta zuwa bakinta. Gaɓar da ke tsakiya, irin gangar jikin ƙadangarenmu, tana cin wani zirin takarda mai faɗi ɗaya da ake kira kogi, wanda ke ratsawa tsakanin da'irori. Tsakiyar da'ira dole ta kasance a kan takarda, amma sauran jikinta na iya fita waje. Shi ya sa harshen da aka sa a kusurwa ya fi kowanne araha, kwatan da'ira kawai yake ci. Na bakin takarda rabi. Na tsakiya kuwa da'ira sukutum, kuma shi ne ke fitowa da kauri.

Ƙa'idar duka guda ce: nisan da ke tsakanin tsinin harsuna biyu a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda kada ya gaza nisan da ke tsakaninsu idan ka bi ta rassan bishiya. Daga tsinin wutsiya zuwa tsinin ƙafar baya 6 da 3 ne, wato 9. Daga ƙafar baya zuwa ta gaba 3 da 2 da 3, wato 8. Ninki yana iya matso da wurare biyu kusa da juna, amma ba ya iya nisanta su fiye da yadda suke a shimfiɗe.

Mataki na biyu: rabon takarda

Manhajoji biyu ne ke wannan aiki. TreeMaker ta Robert Lang ita ce tsohuwa. Kana zana mata bishiya, ka rubuta tsawon rassa, ka gaya mata waɗanne harsuna ne tagwaye a hagu da dama, sai ta lissafa rabon da ya fi cin moriyar takarda, har ta fitar da layukan kari. Matsalarta ita ce kusurwoyin da take bayarwa ba su da kan gado a hannun mutum: za ka ga mahaɗa a wurin da ba rabi ba, ba kwata ba, sai ka auna da rula. Ina ganin amfaninta ya fi yawa wajen nuna maka inda gaɓoɓi suka fi dacewa su zauna, daga nan ka gyara da kanka.

Ga mai farawa na fi son Box Pleating Studio ta Mu-Tsun Tsai, wadda ke buɗewa a burauza ba sai an sauke komai ba. Tana aiki da salon da ake raba takarda gida-gida kamar gidan dara, duk kari ya bi layin tsaye, na kwance, ko digiri 45. A wannan salo da'ira ta koma murabba'i, nisa kuma ana ƙirga shi da gidaje: ka ƙirga a tsaye, ka ƙirga a kwance, ka ɗauki wanda ya fi yawa.

Buɗe sabon aiki. A shafin bishiya ka ƙara rassa har su yi daidai da ƙadangarenmu, ka rubuta tsawon kowanne. Koma shafin shimfiɗa, ka sa takarda gida 16 a tsaye, 16 a kwance. Za ka ga murabba'ai shida da kogi guda, kana iya jan kowanne da linzami.

Gwada tsarin da kowa ke fara tunani: wutsiya a tsakiyar bakin ƙasa, kai a tsakiyar bakin sama, ƙafafu a gefe. Daga tsakiya zuwa gefe gida 8 ne kacal, ga shi ana bukatar 9 tsakanin wutsiya da ƙafar baya, don haka dole ƙafar baya ta hau zuwa gida na 9. Ƙara 8 na zuwa ƙafar gaba, ka kai 17. Takarda ta gaza da gida ɗaya.

Yanzu juya tunanin. Sa wutsiya a kusurwar ƙasa ta hagu, kai a kusurwar sama ta dama, ƙashin bayan dabbar ya bi layin da ya ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Ƙafar baya ɗaya a bakin hagu, gida 9 daga wutsiya. Ɗayar a bakin ƙasa, ita ma gida 9. Ƙafafun gaba a tsakiyar bakin sama da tsakiyar bakin dama, wato gida na 8. Ƙirga ka gani: ƙafar baya zuwa ta gaba 8 cif, ƙafar gaba zuwa kai 8 alhali 5 ake nema. Komai ya shiga, har da rarar gida 3 a wajen kai. Kada ka yi saurin ɗaukar rarar nan asara. Da ita za ka buɗe wa ƙadangaren baki, ko ka faɗaɗa masa wuya.

Tsarin farko ma bai mutu ba. Idan ka sauko da ƙafar baya gida na 8, murabba'inta zai hau kan na wutsiya da gida ɗaya a kusurwa. Da yake ainihin nisan da ke tsakaninsu a miƙe ya haura 11, takardar ta isa, kuma manhajar za ta zana maka wasu karkatattun layuka a wurin da za su warware cunkoson. Wannan dabara tana ceton takarda sosai, sai dai ninka ta da hannu na bukatar haƙuri. A aikin farko ka guje ta.

Mataki na uku: cika taswirar kari

Abin da ka samu zuwa yanzu ƙashi ne: iyakokin harsuna da layukan da ke fita daga tsininsu a karkace. Ba a riga an yanke wanne ne tudu wanne ne kwari ba, ba a kuma cika ƙananan ninkin da ke sirantar da harsuna ba. Fitar da fayil ɗin ka buɗe shi a Oriedita. Wannan manhaja reshe ce daga Orihime ta Meguro, an rubuta ta da Java, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Akwai kuma ORIPA ta Jun Mitani na jami'ar Tsukuba, wadda ta fito a 2005, ita ma aikinsu kusan ɗaya. Wadda ta kwanta maka a hannu ka riƙe.

Sa gidaje 16, ka tabbatar linzami yana manne wa mahaɗar gidaje. Kada ka taɓa zana layi da ƙiyasin ido, domin kuskuren da bai kai kaurin gashi ba ya isa ya hana taswira ninkuwa, kuma nemo shi daga baya azaba ce. Zana rabi ɗaya kawai, ka yi amfani da kayan madubi ka juya shi ɗaya ɓangaren. Fara daga bakin takarda ka shigo ciki: layukan da ke sirantar da harshe suna zuwa ne bi da bi, tudu, kwari, tudu, kwari, kuma duk wanda ya ci karo da karkataccen layi sai ya karya kwana ya ci gaba da launinsa. Bi layi ɗaya har ya fita daga takarda ko ya dawo inda ya faro kafin ka kama wani.

Kunna mai duba mahaɗa tun daga farko. Zai riƙa sa alama a duk mahaɗar da ta karya doka, kuma dokokin uku ne da ya kamata ka sani da ka, don ka gane abin da alamar ke nufi.

Ta farko ita ce ta Jun Maekawa: a kowace mahaɗa ta cikin takarda, bambancin yawan tudu da kwari 2 ne. Uku da ɗaya, huɗu da biyu, biyar da uku. Ke nan jimlar layuka ba ta taɓa zama mara ba. Idan ka ga biyar, akwai layin da ka manta ko wanda ya yi yawa.

Ta biyu ta Toshikazu Kawasaki ce: zagaya mahaɗar kana ɗaukar gibin da ke tsakanin layuka, ka ɗauki ɗaya ka tsallake ɗaya, jimlar waɗanda ka ɗauka dole ta zama digiri 180. Mahaɗa mai 90, 45, 90, 135 ta ci: 90 da 90 sun ba da 180, 45 da 135 ma haka.

Ta uku: idan ƙaramin gibi ya faɗo tsakanin manya biyu, layukan da suka yi masa iyaka dole su saɓa, ɗaya tudu ɗaya kwari. A mahaɗar da ta gabata, 45 ɗin nan ba zai yiwu ja ya kewaye shi ta gefe biyu ba, manyan fallayen za su yi karo.

Idan kusurwoyi ne suka ɓaci, layi za ka matsar ko ka ƙara. Idan launi ne, juya ɗaya ka ga inda alamar ta koma, sau da yawa takan yi tsalle zuwa mahaɗar gaba, ka bi ta har ka kore ta daga bakin takarda.

Bayan alamomi sun ɓace duka, zaɓi taswirar gaba ɗaya ka ba da umarnin ninkawa. Nan ne ake sanin gaskiya, domin kowace mahaɗa na iya zama lafiya amma fallayen su rasa yadda za su jeru ba tare da wani ya huda wani ba. Tun 1996 Marshall Bern da Barry Hayes suka nuna cewa gano ko taswira za ta kwanta gaba ɗayanta na cikin matsalolin da ke yi wa kwamfuta matuƙar nauyi, don haka kada ka yi mamaki in babbar taswira ta sa ta jinkiri. Idan ta ninku, za ka ga siffar ta gaba da ta baya. Wani lokaci jerin fallaye fiye da ɗaya ne ke yiwuwa. Flat-Folder ta Jason Ku, wadda ke burauza, tana da sauri wajen lissafa su.

Ajiye aikinka a fayil ɗin FOLD ban da na manhajar kanta. Erik Demaine da Jason Ku da Robert Lang ne suka tsara shi a 2016 domin manhajojin origami su riƙa fahimtar juna, kuma shi ne zai sauƙaƙa maka kai-kawon nan.

Idan kana son ganin yadda takardar ke tattaruwa a sarari, loda fayil ɗin a Origami Simulator ta Amanda Ghassaei, ka ja ma'aunin ninki a hankali daga sifili. Tana ninka duk layuka lokaci guda, kuma ba ta hana falle ratsa falle, saboda haka kallo ne mai amfani, ba hujja ba. In ta SVG, wato fayil ɗin zanen layuka, za ka shigar, ja da shuɗin su zama tsantsa, in ba haka ba ba za ta gane su ba.

Mataki na huɗu: koma kan takarda

Takardar origami da aka fi sani santimita 15 ce. Raba ta 16, kowane gida bai kai santimita ɗaya ba. Raba ta 32, bai kai rabin santimita ba. Don gwajin farko nemi siririyar takarda mai santimita 30 ko fiye. Gida 16 ko 32 rabi-rabi ne kawai har ka kai. Gida 24 kuwa sai ka fara samo kashi ɗaya cikin uku: yi kari daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan daga ɗaya daga sauran kusurwoyin biyu ka yi wani karin zuwa tsakiyar bakin da ke nesa da ita, inda suka gitta yana kan sulusi daidai. Ga wuraren da suka fi haka wuya akwai ReferenceFinder, ita ma ta Lang: ka rubuta mata matsayin wurin da lambobi biyu tsakanin 0 da 1, ta ba ka gajerun hanyoyin ninki da za su kai ka, kowace da girman kuskurenta.

A nan za ka ga abin da allo ya ɓoye. Ƙugun ƙadangaren, inda wutsiya da ƙafafu biyu suka haɗu, zai tara fallaye har ya ƙi lanƙwasuwa. Ƙafar da ta yi kyau a lissafi za ta gajarce, saboda kaurin takarda ya cinye wani abu a kowace lanƙwasa. Koma bishiya ka ƙara wa ƙafafu tsawo, ko ka rage wutsiya. Wannan zagaye tsakanin hannu da allo shi ne ainihin tsarawar, kuma babu laifi ya maimaitu.

Sannan ka ninka shi sau da dama kana neman jeri. Tattara taswira gaba ɗaya a tashi guda hanya ce, amma mai karatu ya fi jin daɗin jerin da kowane mataki ke ƙarewa da takarda a kwance. Ɗauki hoton kowane mataki daga sama kai tsaye, a kan farfajiya mai launi daban.

Mataki na biyar: zanen matakai

Wannan ne ya fi cin lokaci, kuma a nan ne na fi ganin ana sakaci. Alamomin da duniya ke amfani da su sun samo asali daga Akira Yoshizawa, a littafinsa na 1954. Samuel Randlett da Robert Harbin suka ƙara musu, har aka san tsarin da sunan Yoshizawa da Randlett. Kada ka ƙirƙiro naka. Ɗan Koriya da ɗan Brazil suna karanta zane ɗaya ba tare da sun ji harshen juna ba saboda kowa ya tsaya kan waɗannan.

Kwari layi ne mai tsinke-tsinke. Tudu tsinke ne da ɗigo biyu, wasu na sa ɗigo ɗaya. Ɗige-ɗige zalla na nuna abin da ke ɓoye a ƙarƙashi. Kibiya mai cikakken kai na tafiya da kwari, mai rabin kai da tudu. Mai kai biyu na nufin ninka ka warware. Mai zobe a tsakiya na nufin kifa takardar. Ƙatuwar kibiya mara cika na nufin danna nan ciki.

Manhajar zane ta Inkscape ta ishe ka. Masu Illustrator ko Affinity Designer ma hanyar ɗaya ce. Kafin mataki na 1, yi wa kanka ma'aji a gefen shafi: layin bakin takarda mai kauri kamar maki 0.75, tsohon kari siriri kamar 0.25, layin kwari, layin tudu, da kowace kibiya. Daga nan kwafa kawai za ka riƙa yi, zanen ya fito da hannu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Zaɓi toka-toka mai haske ga fuskar takarda mai launi, ka bar ɗayar fara.

Zana kowane falle a matsayin rufaffiyar siffa mai cika, ka jera su sama da ƙasa kamar yadda suke a takarda. Idan ka gama mataki, haɗa shi da Ctrl da G, kwafa shi da Ctrl da D, matsar da kwafin, ka goge kibiyoyi, ka juya fallen da aka ninka. Haka mataki na 9 ke haifar na 10. A matakai masu sarƙaƙiya, fitar da ninkakkiyar siffar daga Oriedita a SVG ka ɗora aikinka a kai.

Sai dai kada ka bar ta yadda ta zo. Lissafi yana ɗora fallaye huɗu daidai kan juna har su zama layi ɗaya, mai karatu kuma ya kasa sanin nawa ne a wurin, balle wanne zai kama. Ja tsinin kowane falle ka ɗan gusar da shi, na ƙasa ya leƙo kaɗan daga bayan na sama. Zanen ya ɗan kauce wa lissafi, amma ya yi daidai da abin da ke hannun mutum. Haka kuma tsohon kari kada ya taɓa bakin takarda, tsayar da shi gab da isa, don kada a ɗauke shi bakin wani falle. Layin sabon ninki kuwa ya ɗan zarce bakin.

Mataki ɗaya, aiki ɗaya. Kowane zane yana ɗauke da abu biyu: sakamakon matakin baya da umarnin na yanzu, kuma mai ninki kullum yana leƙa zane na gaba ya ga inda zai dosa. Idan siffar ta sauya fiye da abin da kibiya ta faɗa, ka yar da shi a hanya. Inda ninki ke da wuya, kamar tura tsini ciki, ƙara zanen tsakiyar aiki da takardar a rabin buɗe. Nuna ma'auni da ƙananan da'irori, wannan tsini ya sauka kan wancan layi. In babu ma'auni, faɗa masa a ƙiyasta. Da ƙafafu suka ƙanƙance, ƙara girman zanen ka sa alamar an ƙara. Rubutu gajere a ƙarƙashi, amma zanen ya iya tsayawa ko babu shi.

Gwaji da fitarwa

Buga shi a takarda baƙi da fari, domin tsinke-tsinken da ke fes a allo yakan cuɗe a bugu. Miƙa wa wani mai ninki wanda bai taɓa ganin ƙadangaren ba, ka zauna ka kama bakinka. Duk inda ya tsaya yana juya takarda, rubuta lambar matakin. Laifin zanen ne, ko da kai kana ganinsa sarai. Gyara, ka ba wani daban, tunda na farkon ya riga ya san hanya.

A shafin farko sa sunan wanda ya tsara, sunan wanda ya zana matakai, shekara, girman takardar da ta dace, da tsawon abin da zai fito daga ita. Idan tsarin wani ne kake zana wa matakai, nemi izininsa kafin ka yaɗa, ko da taswirar tasa tana yawo a intanet. Fitar da PDF don rabawa, ka adana SVG da FOLD a babban fayil ɗaya tare da hotunan matakai, domin gyaran da masu karatu za su turo maka a kan waɗannan za ka yi shi.